Dangwalen Yatsa da Bashin Amsa

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata mun sauka Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara, a kan hanyar da ta tashi daga Suleja ta nufi Minna, domin gaida wata gwaggonmu da aure ya kai ta can tun muna 'yan firamare. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an kawo dafaffiyar doya da mai da yaji, sai ta miƙe ta buɗe kwalla, ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta soma yagewa, ta miƙo mana. Da Turanci aka buga takardar, shafi biyu, a can ƙasa kuma ga shuɗin dangwalen babban yatsanta.

"Ɗan nan," in ji ta, "ku da kuke jami'a, karanta mini wannan. Shekara uku ke nan wasu suka zo da farar mota, da sikeli, da wani ɗan zare mai launi da suke ɗaura wa yara a damtse. Suka auna jikokina, suka tambaye ni abin da muke ci tun daga karin kumallo har tuwon dare, suka soki yatsan ƙaramar suka ɗebi jini, suka bar mata wasu ƙwayoyi. Na ce to. Har yau ban san abin da suka gani ba."

Muka ce, "Gwaggo, ba su yi miki bayani ba?"

"Sun yi mana. Wani yaro mai ladabi ya yi ta magana. Ni dai na ga likitoci ne."

Mun karanta takardar sau biyu, ba mu sami ƙarya ko ɗaya a cikinta ba. Ta faɗi cewa bincike ne, ta faɗi cewa shiga ba tilas ba ne, mai so ya fita yana iya fita duk sa'ad da ya ga dama, har ma ta faɗi cewa mai yiwuwa ne yaron da aka saka kada ya sami wani amfani na kansa. Duk abin da doka ta nema a faɗa an faɗa. Amma tsohuwar da ta dangwala yatsa ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shekara uku kuma tana ajiye da takardar kamar wadda ke riƙe da rasit na bashin da ta bayar. Wannan shi ne abin da ya hana mu sakat tun daga ranar, shi ne kuma muke son mu yi tsokaci a kansa: me mai bincike yake karɓa daga hannun talaka idan ya yi gwaji a jikin ɗansa, kuma da me ake biyan abin da aka karɓa?

Ya kamata mu fara da yi wa masu binciken adalci, domin aikin nasu yana da tushe da dalili. A shekarar 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya mai suna James Lind ya ɗebi matuƙan jirgi 12 waɗanda ke fama da wani ciwo da ke ruɓar da dasashi, ya sa haƙora girgiɗi, ya kuma karya ƙarfin jiki, ciwon da a wancan zamani yake hallaka ma'aikatan jirgin ruwa birjik. Ya kasa su biyu-biyu, kowaɗanne biyu ya ba su abu daban a kan abincin da kowa ke ci: wasu ruwan kal, wasu ruwan teku, wasu kuma lemon zaƙi da lemon tsami. Cikin kwana shida ɗaya daga cikin masu shan lemo ya koma bakin aiki, sauran goman kuwa suna nan kwance. Hikimar da ke cikin abin ba ta wuce kwatantawa ba. In ka ba kowa abu guda, wasu suka warke, wasu suka mutu, ba ka da hanyar sanin ko abin da ka bayar ne ya warkar, ko kuwa dama mai sauran kwana ne ya tashi. Sai ka sami wanda aka ba da wanda ba a ba ba, ka jera su, sannan idonka zai buɗe. Daga baya masana suka ƙara da ƙuri'a, wato kada likita ya zaɓi wanda zai ba da son ransa, ya bar wa ƙuri'a ta raba, don kada ya tara masu ƙarfi a gefe guda ya ce maganinsa ne ya yi aiki.

Ke nan duk wani gwaji na gaskiya yana ɗauke da wasu mutane da aka hana. A nan ne zuciyar mai imani take tsayawa cik. Idan maganar sabon magani ce mai haɗari, wanda aka hana ma yana iya cewa ya tsira. Amma idan maganar abinci ce, ko ƙwayar bitamin, ko ƙwayar ƙarin jini, abubuwan da kowa ya ɗauka alheri ne tsantsa, da wane ido za ka dubi uwa ka ce ƙuri'a ba ta faɗa kan ɗanta ba? Mutumin kirki zai ce a bar wannan wasa, a ba kowa, ai abinci ba ya kisa.

Mu ma da haka muka ɗauka, sai da muka ci karo da labarin tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya. A can masu bincike, cikinsu har da na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, suka raba wa dubban ƙananan yara ƙwayar sinadarin ƙarfe, wato abin da muke kira maganin ƙarin jini, wasu kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a ciki. A lokacin shawarar da ake bi a duniya ita ce a ba dukan yara irin wannan ƙwaya a duk inda ƙarancin jini ya yi yawa. Ana cikin aikin sai masu sa ido suka lura cewa yaran da ke shan ƙwayar gaske sun fi waɗanda ke shan ta bogi yawan kwanciya a asibiti ko mutuwa, da kusan kashi 12 cikin ɗari. Tsibirin matattarar zazzaɓin cizon sauro ne, ƙwayar cutar kuwa ita ma tana son ƙarfen da aka zuba wa jinin yaro. Aka dakatar da wannan ɓangare na gwajin, aka buga sakamakon a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sake duba shawararta game da wuraren da zazzaɓi ya yi katutu. Da an bi ta mutumin kirki an ba kowa, da babu wanda zai taɓa sanin cewa alherin nan yana da ƙaya, domin yaran da suka mutu da sai a ce zazzaɓi ne, kamar yadda aka saba. Duk wanda ya san yadda sauro yake a bakin Gurara da damina, ya kuma san yadda ake sayar da maganin ƙarin jini a tire a kasuwar Lambata kamar alewa, ya san wannan labari bai yi mana nisa ba.

Bisa ga haka muna iya cewa abin da ke halatta ƙuri'a shi ne jahilcin mai bincike, jahilci na gaskiya wanda ya amsa da bakinsa. Muddin masana sun rabu, babu wanda ya san ko ba da abin ya fi hanawa, to wanda ƙuri'a ta hana ba a zalunce shi ba, domin ba a san ko an hana shi alheri ne ko an kare shi daga cuta ba. Ranar da aka sani kuwa, ranar ƙuri'a ta haramta. Wannan ƙa'ida tana da daɗin faɗa a aji. Bari mu kai ta inda za ta sha wuya.

A shekarar 2005 yunwa ta auka wa Jamhuriyar Nijar, jihar Maraɗi kuma ta fi kowace jin jiki. Ƙungiyar likitoci masu ba da agaji ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu fama da tamowa mai tsanani a wannan shekara, akasarinsu a gidajen iyayensu, ta hanyar wani haɗi mai kama da tunkuza wanda aka yi da gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai, a cikin 'yar leda da yaro zai tsotsa ba sai an dama da ruwa ba. Wani likitan Faransa, André Briend, shi da wani kamfani na can suka ƙirƙiro shi a wajajen 1996, ana kuma sayar da shi da sunan Plumpy'Nut. (Mai son abin mamaki ya tuna cewa Maraɗi da Kano su ne a da suke loda wa Turawa gyaɗa tan-tan, har ake gina dala da buhunanta, ga ta yau ta dawo wa jikokin manomanta cikin leda da sunan magani.) Cewa haɗin yana tayar da yaron da ya riga ya rame, wannan an sani. Abin da ba a sani ba shi ne, in an ba yaron da bai rame ba tukuna, a watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, shin zai hana shi faɗawa?

Don amsa wannan tambaya, a 2006 masu bincike daga Jami'ar Harvard da cibiyar Epicentre suka zaɓi ƙauyuka 12 a jihar Maraɗi, masu yara kusan 3,500 'yan wata shida zuwa shekara biyar. Aka yi ƙuri'a. Ƙauyuka shida aka riƙa ba kowane yaro leda ɗaya kullum har wata uku, daga Agusta zuwa Oktoba. Ƙauyuka shida ba a ba su ba, sai dai ana zuwa ana auna yaransu wata-wata, wanda aka ga ya faɗa cikin tamowa kuma a tura shi a yi masa jinya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa a ƙauyukan da aka ba, ramewa ta ragu da kashi 36 cikin ɗari, mai tsanani kuma da kashi 58.

To, ina ƙa'idarmu ta jahilci a nan? Wane ne a duniya bai san cewa yaron da ya ci gyaɗa da madara kullum a watan Agusta ya fi wanda bai ci ba? Kowace uwa a ƙauyukan nan shida ta san amsar tun kafin a buga ta a mujalla. Wannan suka ce mai nauyi, kuma ba mu ga yadda za a kawar da ita da hannu ɗaya ba. Masu kare aikin za su ce, da farko, ba a ƙwace wa kowa komai ba: dubban ƙauyukan Maraɗi ba sa samun ledar nan, shidan da aka hana suna nan yadda suke, har ma sun fi maƙwabtansu da samun mai auna yaransu kowane wata. Za su ƙara da cewa abin da uwa ta sani daban, abin da zai sa masu riƙe da kuɗin agaji su buɗe jaka daban. Su waɗannan ba sa jin "ya fi", sai an ce musu ya fi da nawa, a kan kuɗi nawa, kuma ko ledar tana shiga cikin yaron ne ko ana raba ta da yayyensa. Duk wannan gaskiya ne, kuma sakamakon irin wannan bincike ya taimaka wajen sa a riƙa raba abincin rigakafi ga ƙananan yara a lokutan yunwa.

Sai dai a lura da abin da wannan kariya ta amsa ba tare da ta sani ba. Ta amsa cewa yaran ƙauyuka shidan nan sun yi aiki. Ramar da wasunsu suka yi ita ce ma'aunin da aka auna ƙibar sauran da shi. In ba don su ba, da lambar nan ta 58 ba ta samu ba, da takardar ba ta fito ba, da masu kuɗi ba su motsa ba. Wato jikinsu ya zama hujja a wata shari'a da ake yi a birane masu nisa, wadda za ta amfani yaran da ba su taɓa gani ba. Mu a namu ganin wannan ba zalunci ba ne, matuƙar an kula da wanda ya faɗi. Amma bashi ne, kuma kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka cewa da zarar an tabbatar babu zalunci, to babu sauran magana.

Yanzu sai mu dawo kan dangwale. Tun bayan shari'ar likitocin Jamus da aka yi a Nuremberg, wadda ta haifar da ƙa'idojin 1947, da kuma Sanarwar Helsinki ta 1964, duniya ta tsaya a kan cewa ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa, yardar da ya bayar bayan ya fahimta. Nijeriya ma ta fitar da nata kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007. A nan ne mu malaman harshe da adabi muke da abin cewa, domin yarda a cikin harshe take zaune. Bahaushe yana da "to", yana da "na ji", yana da "na yarda", kuma tsakaninsu akwai tafiyar yini. "To" ɗin da tsohuwa za ta ce wa baƙon da ya zo da farar mota, mai unguwa na gabansa, ta ladabi ce da kunya. Tana nufin na ga girmanka, ba zan kunyata ka a ƙofar gidana ba. Yaro yakan ce wa ubansa "to" alhali zuciyarsa na cewa a'a, kowa kuma ya san haka, har uban. Wanda ya rubuta wannan "to" a takarda da ma'anar amincewa ya yi fassarar kalma, ma'anar kuwa ta kuɓuce masa.

Akwai kuma matsalar kalmar "likita" ita kanta. A tunanin mutanenmu likita mai ba da magani ne, ya duba ka, ya zaɓa maka abin da ya dace da kai. Ba mu da wani gurbi a cikin zance na mutumin da ke sanye da rigar likita, yana riƙe da allura irin ta likita, amma tambaya ya zo yi, kuma abin da zai ba ɗanka ƙuri'a ce ta zaɓa. In ka ce "gwaji", mai sauraro zai ji gwajin jini ne da ake yi don a gano ciwonsa. In ka ce "bincike", zai ji bincikar lafiyarsa za a yi. Kowace kalma ka ɗauko sai ta zame ta koma wajen jinya. Don haka yaron nan mai ladabi yana iya karanta wa Gwaggo shafi biyu da kyakkyawar Hausa, bai rage ba bai ƙara ba, ita kuma ta tashi da abu guda: likitoci sun zo duba yara. Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, malaman fiƙihu kuma sun ɓata duk cinikin da mai saye bai san abin da ya saya ba. Dangwalen da aka yi a kan rashin sani ciniki ne irin wannan, ko da mai sayarwa bai yi nufin ha'inci ba.

Abin da irin wannan giɓi ke iya haifarwa mun gan shi da idonmu a Kano. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa sai kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu kuma suka tashi da nakasa, abin da sanƙarau shi kansa yakan bari. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki. Iyaye da dama suka ce su ba su san gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000, Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba mu da hurumin yanke hukunci a kan abin da aka faɗa a cikin ɗakin nan na asibiti. Abin da muke iya cewa shi ne, uban da ya ɗauko ɗansa wuya a sanƙare, ido a kafe, duk abin da mai farar riga ya faɗa masa amsarsa "to" ce, kuma mai yiwuwa ne ɓangarorin biyu duka gaskiyar abin da suka ji suke faɗa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2003 da jita-jita ta bazu cewa allurar rigakafin shan inna na ɗauke da abin hana haihuwa, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har ta kai Indonesiya a 2005, kuma sai a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su cikin lissafin kowane gwaji, babu kuma wanda ya biya su diyya.

Saboda haka muke ganin cewa dangwale, ko da an same shi ta hanya mafi tsafta, buɗe ciniki kawai yake yi. Abin da ke rufe shi amsa ce. Mai bincike ya zo da tambaya, mutane suka ba shi aron jikin 'ya'yansu ya nemo amsarta, to amsar nan su ne farkon masu haƙƙi a kanta, kafin editan mujalla, kafin kwamitin ƙarin girma. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sanarwar Helsinki da aka sabunta a 2000 ta taɓo wannan, inda ta nemi waɗanda aka yi bincike da su su sami abin da binciken ya tabbatar yana da amfani. Amma rubutu daban, aiki daban, kuma ciwon tsoho ne. Shi kansa Lind ya buga littafinsa a 1753, hukumar sojan ruwa ba ta wajabta ba matuƙa ruwan lemo ba sai a 1795. A nan gida, tun a 1949 wani likitan zamanin Turawa, B. M. Nicol, ya buga nazarinsa a kan abincin manoman Bida da Kontagora da Zuru, ya auna tuwonsu da miyarsu da jikinsu. Takardar tana nan a ɗakunan karatu, masana na ambatonta har gobe, cikin harshen da manoman nan ba su ji ba.

Ga misali ɗaya da ya fi damun mu, domin aikin mai kyau ne, amsarsa kuma mai sauƙi ce. Akwai ciwon da ke tausasa ƙashin yaro har ƙafafunsa su lanƙwashe, ko su yi gwame ko su buɗe kamar baka. Littattafan likitanci na Turai sun daɗe suna koyar da cewa rashin bitamin D ke kawo shi, wanda jiki ke samu daga hasken rana. To, yaya za a yi yaron da ke yini tsirara a rana a ƙasarmu ya rasa rana? A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka kasa su uku, wasu bitamin D, wasu sinadarin kalsiyam, wasu duka biyun, har tsawon mako 24. A lura, babu yaron da aka bari hannu rabbana. Sakamakon da ya fito a 1999 ya nuna cewa waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Ashe matsalar a cikin kwano take: abincin da masara ta yi wa yawa, nono ya yi masa ƙaranci. Daga baya ma suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa haɗe da ƙayarsa, suka ga shi ma yana warkarwa. Nono da busasshen kifi, abubuwan da ke shimfiɗe a kowace kasuwar ƙauye tsakanin Suleja da Minna. Fiye da shekara ashirin da fitowar wannan sani, muna iya tsayawa a bakin kasuwa mu ƙirga yara masu lanƙwasassun ƙafafu, mu tambayi iyayensu, mu ji wannan ta ce gado ne, waccan ta ce an yi saurin tsayar da shi ne, wata ta ce iska ce. Likitocin Jos sun sauke nasu nauyin na nema. Wa ya kamata ya mayar da amsar Hausa da Gbagyi da Nufanci, ya sa ta a rediyo, ya sa ta a wasan kwaikwayo, ya sa ta a littafin 'yan aji uku?

Tambayar nan ba ta bar mu da wurin ɓuya ba. Mu ma da muke sashen Hausa muna da tamu farar motar, ita ce rikoda. Mukan je wajen tsofaffi mu ɗebi tatsuniya da kirari da tarihin gari, su ba mu yininsu da muryarsu, mu ce musu aikin makaranta ne, su ce to. Mu dawo mu yi kundi, mu sami digiri, kundin ya hau kanta ya sha ƙura. Mu nawa ne muka taɓa komawa muka zauna a zauren da aka ba mu tabarma, muka karanta wa mai zauren abin da muka rubuta a kansa? Bambancinmu da masu allura shi ne namu aron ba ya fitar da jini. Ga shi kuma fassarar da ta gagara tsakanin mai bincike da Gwaggo, wato samo kalmomin da za su sa tsohuwa ta gane cewa tambaya aka zo yi mata, kuma tana da ikon cewa a'a ba tare da ta ji ta yi rashin kunya ba, aiki ne na masu harshe. Likita bai karanci wannan ba, mu ne muka karanta, ba a kuwa cika ganin ƙafarmu a kwamitocin da ke duba takardun nan kafin a kai su ƙauye ba, mu ma ba mu nemi a gan ta ba.

Mun fassara wa Gwaggo takardarta layi-layi a wannan yammaci, ita da surukarta suna zaune. Da muka zo inda aka ce tana da ikon ƙi, sai ta tsayar da mu ta ce a maimaita. Muka maimaita. Ta yi shiru, sannan ta ce da ma an faɗa mata hakan da ba za ta ƙi ba, don ba a korar baƙo, amma da ta tambaye su ranar da za su dawo. A ƙasan shafi na biyu akwai lambar waya. Muka buga sau uku, ba ta shiga. Gwaggo ta karɓi takardarta, ta bi tsohon ninkin ta ninke ta, ta mayar cikin kwalla, ta ce in mun koma jami'a mu cigita mata, ko Allah zai sa wani ya san su.